Fuskar Roba a Gidan Surukina

Na san hoton yana cikin wayar kowannenku. Har jikokin da ba su iya tsarki ba sun san shi: wani abu tsaye a bakin lifta, cikin shuɗiyar rigar ruwa, da safar wanke-wanke a hannu, da baƙar fuskar roba mai idanun gilashi, ga silifas ɗina a ƙasa suna tona mini asiri. Duk sallah sai wani ya sake turo shi, a rubuta a ƙasa wai Baba ya je tashe Malesiya. Ni ma ina taya ku dariya, don abin da ban dariya. Amma shekaru sun ja, gwiwa ta fara ƙin kai ni masallaci, kuma ba na so in tafi in bar ku da cewa ubanku ya tsallaka teku ne don ya tsorata mutanen ƙasar wasu. Ku karanta wannan ku bar shi a cikinku. Wanda ya ɗauki maganar ya kai wa mijin ’yar’uwarku Zulai, to ni da shi.

Sai na fara da fuskokin robar da nake tarawa, don ƙananan cikinku ba su san yadda aka yi ake ce mini Sule Soja ba, alhali ko bindigar toka ban taɓa riƙewa ba, ranar da na fara jin harbi ma a ƙarƙashin tebur na ƙarasa jinsa. Bayan yaƙin basasa ina yaron shago wajen wani mai gwanjo a Ƙofar Wambai. A lokacin kayan soja dila-dila suke shigowa, takalma da barguna da gorar ruwa da jakar baya. Wata rana na kwance dila sai wata fuska ta faɗo ƙasa tana kallona, idanu biyu na gilashi da dogon hanci kamar na giwa. Maigidana ya ce in jefar, kayan aljanu ne. Na kai ta gida a cikin riga. Daga baya wani tsohon soja ya yi mini bayani: don hayaƙi mai guba ake yin su, kuma a babban yaƙin Turawa ba soja kaɗai aka ba, har mutanen gari aka raba wa, malamin makaranta da mai burodi da tsohuwa, har jarirai da nasu. Abin da ya kama ni ke nan, kuma bai sake ni ba. A ce akwai gwamnatin da ta taɓa zama ta auna fuskar mai burodi don kada ya mutu. Daga nan na shiga tara su. Na samo a Legas, na samo a Kwatano, na samo wata a Jidda shekarar da na je aikin hajji, abokan tafiya suna sayen darduma ni ina cinikin hancin roba. Boko aji biyu na yi aka kore ni saboda kwaɗon da na sa wa malam a aljihu, sauran karatuna a jikin kwalaye da gwangwanayen nan na haɗa shi. Mahaifiyarku har yau ba ta share ɗakin da suke, ta ce ita ba za ta yi shara ana kallonta ba.

To, a shekarar da annobar korona ta ɓulla, yanar ido ta rufe mini gani. Zulai tana Kuala Lumpur da mijinta Malam Nasiru, malami ne a wata kwaleji, gwamnati ta tura shi karatun digiri na uku, ita ma ta samu ta shiga nata. Ta matsa sai na zo an yi mini aikin a can. Na ce mata namiji ba ya kwana a gidan surukinsa. Ta ce ’yan makonni ne, kuma kusan kullum Malam yana makaranta, ba ma za mu haɗu ba. Mahaifiyarku ta sa baki, yayyenku suka sa baki, na shiga jirgi ina mita.

Kafin a sa ranar aikin, wata Lahadi, Zulai ta kai ni kasuwar tsofaffin kaya don in daina damunta. A can na haɗu da wani tsoho ɗan Caina, kowa Ankul yake ce masa, kamar yadda suke ce wa duk mai furfura, har ni. Ba ya jin yarena ba na jin nasa, amma da ya ga yadda na ɗaga wata hular ƙarfe na duba cikinta kafin bayanta, sai ya shiga ciki ya fito da wata jakar kaki. Fuska ce irin wadda Turawan mulki suka raba wa masu gadin unguwa a ƙasar lokacin da ake tsoron jiragen yaƙi. Baƙar roba mai kauri, idanu biyu zagayayyu, gwangwanin tace iska ɗaure a baki da waya da ƙyalle, yadda aka ɗaure shi tun ranar farko. Ba wanda ya taɓa sa ta. A ƙasar da ƙarfe ma ruɓewa yake don laima, robar nan tana lanƙwasa kamar kunnen ɗan akuya. Na shekara arba’in ina jin labarin irinta. Muka yi ta ja, yana girgiza kai ina girgiza kai, har ya gaji ya ce boleh, wato ya yiwu. Kalmar da na fara koya ke nan a yarensu, kuma kusan ita kaɗai na dawo da ita. Ba a yi kwana nawa ba aka kafa dokar kulle, aka rufe makarantu da masallatai da filin jirgi.

Gidan nasu a unguwar Taman Melati yake, ɗaki biyu da falo, can sama, in ka leƙa ta baranda sai ka ga jirgin ƙasan da ke bin gada yana wucewa ba kowa a ciki. Ku da kuka taso kuna shan hannu da surukanku ba za ku gane nauyin abin ba. A Kano, Malam Nasiru tun daga nesa yake cire takalmi, ya durƙusa a zaure, ya gaishe ni kansa a ƙasa, ya ajiye abin da ya kawo ya tashi. Shekara da shekaru da auren, da za a ce in faɗa ko yana da wushirya, ba zan iya ba. Yanzu ga mu a akwati ɗaya an rufe. In zan fito daga ɗaki sai na yi gyaran murya, in ba shi lokacin da zai tattara kwamfutarsa ya shige. In shi zai fito sai ya turo Zulai ta duba hanya kamar mai tsallaka titi. Zafin garin irin mai jiƙa mutum ne, amma ban taɓa ganinsa da singileti ba, kaftani da hula tun asuba kamar mai jiran ɗaurin aure. A kicin yake cin abinci, a tsaye, don kada in ji ƙarar cokalinsa. Ni kuma, Allah ya yafe mini, wani lokaci nakan yi gyaran murya ba da niyyar fitowa ba, don kawai in ji gudunsa.

Salla ma sai da aka yi ciniki. Ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, amma ya ce wa Zulai ta faɗa mini ba zai iya tsayawa a gabana ya ba ni baya ba. Na ce ta faɗa masa surorina ba su cika yatsun hannu ba, kuma kafin a buɗe gari zai gaji da jin su. Duk wannan muna falo ɗaya, tsakaninmu bai fi tabarma ba, tana tsakiya tana kai saƙo tana dawowa. A ƙarshe ya yarda ya ja, da murya ƙasa-ƙasa, sai na kasa kunne nake sanin an yi ruku’u.

“Baba, ni fa karatu na zo yi,” in ji Zulai, “ba aikin gidan waya ba.”

Ta wannan gidan wayar saƙon fuskata ya iso. Na rataye ta a ƙusa a ɗakin da aka ba ni, ina kwana tana kallona. Wata safiya Zulai ta shigo tana murza hannu, ta ce wai Malam ya ce, ba wai yana cewa a fitar da ita ba ne, amma gwangwanin bakinta akwai irin garin silin asbestos a ciki, in ya tsufa yana fita, kuma yana lalata huhu. Na san da haka tun kafin a yaye shi. Duk mai tara irin waɗannan ya san doka ta farko ita ce a kalla, a shafa, amma ba a sawa, ba a shaƙa. Sai na yi kamar yau na fara ji, na ce ta yi masa godiya, ilimi da daɗi. Aka samo bokitin fenti mai murfi aka rufe ta a baranda. Duk la’asar nakan buɗe in gaishe ta, in shaƙi warin tsohuwar robar nan daga nesa, wari ne da na fi so a kan kowane turare, in mayar da murfi.

Makonni suka zama watanni. Da aka ɗan sassauta aka yi mini aikin idon, sai ga jirgin kwashe ’yan Najeriya ya zo ina da auduga a fuska, likita ya ce ba inda za ni. Bayan nan duk jirgin da aka sa mini rana sai a soke. Muka yi azumi a akwatin nan, muka yi sallah biyu ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ban san gajiyar zama ta fi ta dako ba sai a shekarar. Na ƙirga tayil ɗin falo har na daina, na san lokacin wucewar kowane jirgi, na koyi cin shinkafa da kwakwa da ƙananan kifi da safe kamar ɗan gari. A cikin haka na lura Zulai ta daina shiga kicin in ana soya albasa, ta koma sa manyan hijabai a cikin gida. Ba ta faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba, mahaifiyarku ce ta kira daga Kano tana kuka tana hamdala. Kun san shekarun da suka yi suna jira, kun san asibitocin da aka zaga da maganganun da aka sha daga dangi.

Cikin ya tsufa lokacin da cutar ta dawo da ƙarfi, a farkon shekara ta biyu, aka sake rufe gari. Malam Nasiru ne mai fita cefane, don doka mutum ɗaya ta yarda ya fita daga kowane gida. Ya dawo wata rana da zazzaɓi. Aka gwada mu duka, nasa ya nuna, namu bai nuna ba, aka ɗaura mana wani ɗan warwaron roba a hannu mai nuna ba mu da izinin fita. Asibitoci sun cika, aka ce ya killace kansa a gida, in abin ya yi tsanani a kira. Ya shige ɗakinsu mai banɗaki a ciki ya murɗa makulli, Zulai ta koma ɗakina, ni na koma kujerar falo. Ana ajiye masa abinci a kan kujera a bakin ƙofa. In Zulai ta kira shi a waya sai ya ce da sauƙi, don kada ya tayar mata da hankali da cikin nan. In na tsaya a bayan ƙofa na tambaya sai ya ce alhamdulillahi Baba, da sauƙi, don ba a kai wa suruki kukan ciwo. Mu biyu muka zauna muna karɓar da sauƙi safe da yamma, kowa da irin tasa.

Gaisuwarsa ce ta fara ba ni tsoro. Mutumin nan bai taɓa yanke gaisuwa ba. Ina kwana Baba, an tashi lafiya, ya ƙarfin jiki, ya idon, ya labarin mutanen gida, sai ya kai ƙarshe ko da shayinsa zai huce. A kwanakin nan sai labarin mutanen gida ya faɗi. Washegari idon ya faɗi. Ranar da ya ce ina kwana, ya tsaya, na ji yana jan iska kamar mai hawan bene da buhu kafin ya ce Baba, na koma kujera na zauna. Na ce wa Zulai ta tambaye shi lambar da ɗan abin nan na yatsa mai auna iskar jiki yake nunawa. Ya ce mata batir ɗinsa ya mutu.

A ranar, bayan azahar, hadari ya haɗo, muka ji faɗuwar abu mai nauyi daga ciki. Zulai ta yi kan ƙofar da makullin ajiya a hannu. Na tare ta, na karɓe makullin, na ce in ta taka ɗakin nan ban yafe ba. Ban taɓa faɗa wa ɗana wannan kalmar ba sai ranar. Ta koma gefe ta kira masu motar asibiti, tana Turanci tana haɗawa da yaren garin, aka ce mata akwai mutane da yawa a gaba, a kwantar da shi rub da ciki, kada a bar shi a ƙasa. Ta kira abokansa, ɗaya yana wata unguwa, Lembah Pantai, ya ce ga shingen ’yan sanda a kowace hanya, kuma ko ya iso mai gadi ba zai bar shi ya hau gidan da aka killace ba. Na ƙwanƙwasa, na ce Malam, zan shigo. Can na ji muryarsa daga nesa, daga banɗaki, kalma ɗaya-ɗaya.

“Baba… don girman Allah… kada ka shigo. Ba ni da sutura.”

Zan so in ce muku na buɗe kawai na shiga. Ban buɗe ba. Na tsaya da makulli a cikin ƙofa, hannuna ya ƙi murɗawa. Ba tsoron cutar ba ne, na riga na ci rabona na duniya. Kunyar nan da nake yi masa dariya a kanta, ashe ni ma tana wuyana. Na san in na shiga da fuskata ya ga na gan shi a haka, zai yi ƙoƙarin tashi ya rufe jikinsa da ’yar iskar da ta rage masa, ko ya ƙanƙame ya hana ni taɓa shi. Kuma in ya rayu, ban san da wane ido zai sake zama mijin ’yata a gabana ba. Ga yarinya a bayana da cikin da aka yi shekaru ana roƙo, ga uban cikin a ƙasan banɗaki, mu kuma muna tsaye muna girmama juna.

Na fita baranda na buɗe bokiti. Ruwa ya riga ya sauko yana feso ni. Gwangwanin ba ya kwancewa, ɗaure yake, in na taɓa wayar zan iya fasa shi, don haka na ɗauko wuƙar yanka albasa na yanke robar ta bayansa, zagaye, kamar mai yanka wuyan kaza. Roba ce da ta tsallake yaƙi, ta tsallake damina sama da saba’in, ta zo ta mutu a hannun wanda ya fi kowa sonta. Na mayar da gwangwanin bokiti na rufe, na goge cikin fuskar da jiƙaƙƙen tsumma da sabulu. Na sa farin takunkumin asibiti biyu, na zura rigar ruwan Malam da safar wanke-wanke. Zulai tana kallona da waya a kunne.

“Baba, wannan ba ta hana cutar.”

“Na sani,” na ce. “Ba don cutar ba ce.”

Ta dube ni, ta dubi ƙofar, ta ajiye wayar ta ɗauko salatef ta liƙe wani takunkumin a kan ramin da na yanke. Ita ta ja mini igiyoyin ta baya.

Abin da na tarar a banɗakin ba zan rubuta shi ba, ba na kowa ba ne. Yana tsakanin bango da masai, ya riƙe wani ɗan tawul da hannu biyu, leɓensa sun yi toka. Ya ɗago ya ga abin da ya shigo masa, idanunsa suka buɗe. Ya tambaya wane ne. Ban shirya amsa ba, bakina ne ya yi aikinsa kamar kullum, muryar ta fito kamar ana magana a cikin tulu.

“Gwamnati ce ta aiko ni.”

Ya sauke ido kan silifas ɗina. Silifas ɗin da ya yi kusan shekara yana jin takunsu yana gudu. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya rufe ido.

“To… sannu da zuwa,” ya ce, ya saki tawul ɗin.

Na wanke shi da ruwan ɗumi. Na ɗaga shi, ban san inda ƙarfin ya fito ba, na yi dako a ƙuruciya amma buhu ba ya nishi a kunnenka. Ban kai gado ba gilasan suka yi hazo, na yi ta goge su ta waje alhali daga ciki abin yake, na koma aiki da lalube. Gumi ya taru a haɓar robar yana kaɗawa in na sunkuya. Na sa masa wando da kaftani, na kifa shi a kan filo yadda aka ce. Sai na ji hannunsa yana lalube a gefen gado. Hula yake nema. Na ɗauko na ajiye masa kusa da kansa, ya ɗora yatsu a kai ya bar motsi. Na zauna a bakin gadon ina ɗan bubbuga bayansa kamar yadda nake yi muku kuna ƙanana in tari ya sarƙe ku. Ta bayan ƙofa ina jin Zulai tana faɗa da masu motar, ta roƙa, ta yi tsawa, ta sake roƙo, ruwa yana dukan taga.

Sun iso dab da magariba, ruwan ya ɗauke. Mutum uku cikin fararen ledoji tun daga kai har ƙafa. Na farkon ya ja da baya da ya gan ni, ya faɗi wani abu da yarensu, sauran suka yi dariya a cikin nasu takunkumin, amma hannunsu bai tsaya ba, suka sa masa iska suka ɗora shi a gadon turawa. Na bi su har bakin lifta, iyakar inda warwarona ya yarda in kai. A nan wani maƙwabci ya buɗe ƙofa ya ɗauki hoton da kuke turawa. Abin da hoton bai kama ba shi ne gadon da ƙofar lifta ta rufe a kansa.

Da na zo cire fuskar sai ta tsage daga gefen ido har haɓa, ta fito gida biyu a hannuna. Na haɗa ta da safar da rigar ruwan a baƙar leda na ƙulle. Ban ƙara komawa wajen Ankul ba ko da aka buɗe gari, don ban san da wane yare zan gaya masa ba. Ni na gaji ɗakin Malam, na rufe kaina, bayan ’yan kwanaki zazzaɓin ya zo mini. Nawa bai yi tsanani ba, jikin nan tsohon gwanjo ne, ya sha wanki. Amma Zulai ita kaɗai ta yi kwanakin nan a falo, miji a asibiti ba a san halinsa ba, uba a bayan ƙofa yana tari, sai wata maƙwabciya Bamaleshiya da take rataya mata tapau, abincin da aka ƙunso, a hannun ƙofa ta ƙwanƙwasa ta gudu. Na warke, sai dai hancina bai dawo ba. Har yau in na shiga ɗakin nan na bayan zaure na ɗauki fuska na kai hanci, kamar na shinshina gilashi. Kun sha tambayata me ya sa na daina saye. Dalilin ke nan, ba tuba na yi ba.

Malam Nasiru ya yi makonni a asibiti, wasu daga ciki bai san inda yake ba. Ummi, ’yar da Zulai ta haifa, ta riga shi isowa gida. Ya dawo da sanda, wuyansa yana yawo a cikin kaftani, ya karɓi ’yarsa a zaune don hannunsa ba ƙarfi. Za ku zaci bayan abin da ya faru mun saki jiki da juna. Sai ma abin ya ninka. Ya aiko Zulai ta ce numfashinsa ba zai kai shi jan salla ba, kuma ko da ya kai, bai sake ja ba, kowa ya koma yi a ɗakinsa. Gaisuwa ta dawo cikakkiya har da labarin mutanen gida, amma daga bayan labule. Na daina gyaran muryar ƙarya, don yanzu in ya tashi gudu sai na ji yana haki. Ɗan abin da muka samu na tsayuwa sahu ɗaya a watannin farko, shi ma ya tafi, kuma har yau da suka dawo Kano bai dawo ba. Wasunku sun ɗauka wani saɓani ne ya shiga tsakaninmu a can. Ba saɓani.

Ranar da jirgina ya tabbata, mai tasi yana jira a ƙasa, Zulai ta sauka da jaka ɗaya da jaririya a kafaɗa. Na tsaya sa takalmi a bakin ƙofa sai na ji sandarsa. Ya fito da hula, ya dafa bango ya durƙusa a hankali, abin da likita ya hana shi. Ba Zulai a tsakani. Ya yi mini addu’ar hanya, ya ba da saƙon gaisuwa ga mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sauke ido kan tayil.

“Baba, wannan ma’aikacin da gwamnati ta aiko. In Allah ya sa kun haɗu, a ce masa na gode.”

Na ce ban san shi ba, amma in na gan shi zan faɗa masa.

“A ce masa kuma ya yafe mini abin da ya gani.”

“Ai na ji an ce gilasansa hazo suka yi tun daga bakin ƙofa,” na ce. “Bai ga komai ba. Da lalube ya yi aikin.”

Ya gyaɗa kai. Kafaɗunsa suka sauka kamar an sauke masa kaya. Na so in miƙa hannu in tashe shi, don na san tashin zai yi masa wuya, amma na san ba zai so ba. Sai na juya baya na yi kamar igiyar takalmina ta kwance, na yi ta ɗaurinta har na ji sandar ta daki ƙasa ya miƙe da kansa.